Kafin Ki Ce "Ba Ya Sona": So Iri-Iri Ne, Wanne Ne Ya Tafi?

 

Kwanakin baya na je bikin ɗiyar wasu 'yan'uwanmu a Gusau. Asalinsu mutanen Kekun Waje ne a ƙasar Bunguɗu, rashin tsaro ne ya sa suka tattara nasu-ya-nasu suka dawo birni, kamar yadda ya faru da gidaje masu yawa na wannan yanki. Kin san yadda ɗakin mata yake a daren kai amarya: ana ƙulla kaya, ana rabon goro da alewa, hira kuma ba ta da linzami. Ana cikin hirar ne wata matashiya da aurenta bai wuce shekara huɗu ba, ga goyo a bayanta, ta fashe da kuka, wai mijinta ya daina sonta. Kafin kowa ya buɗe baki, wata dattijuwa da ke gefe tana jan carbi ta tambaye ta, wane son ne ya daina?

Yarinyar ta yi shiru. Dattijuwar ta ci gaba da tambaya. Ya daina kawo cefane? A'a. Ranar da yaron nan ya yi zazzaɓi da tsakar dare, wa ya ɗauke shi a babur zuwa asibiti? Shi ne. Ya taɓa zaginki ko ya zagi iyayenki? Bai taɓa ba. To mene ne ya tafi? Sai ta sunkuyar da kai ta ce, da can idan ta yi kwalliya sai ya tsaya ya kalle ta har ta ji kunya, yanzu kuwa in ya dawo daga kasuwa sai ya ci tuwo ya rungumi waya har barci ya kwashe shi. Dattijuwar ta yi dariya ta ce wannan ai ba komai ba ne, ta je ta gode wa Allah.

Ni dai ban tafi a kan maganar Inna gaba ɗaya ba. Yarinyar ba ƙarya take yi ba, lallai wani abu ya tafi daga ɗakinta, kuma rashinsa yana da ciwo. Kuskurenta ɗaya ne, ta kira shi da sunan da ya fi ƙarfinsa. Abu guda ya yi sanyi, ta ɗauka duka ne suka mutu. Kuma wallahi 'yar'uwa, wannan kuskuren na kiran suna ya kashe auren da ba shi da iyaka a ƙasar nan.

Kalma ɗaya, kaya da yawa

Duba bakinmu na Hausa ki gani. Muna da so, muna da ƙauna. Muna da sha'awa, da shauƙi, da bege, da shaƙuwa, da tausayi, har da kwaɗayi wanda shi ma yakan sa rigar so ya shigo gida. Kakanninmu ba su ƙirƙiri waɗannan kalmomi don ado ba. Bege na wanda ba ya nan ne. Shaƙuwa sai an zauna an daɗe. Sha'awa ido da jiki ne ke tayar da ita. Amma da zarar rai ya ɓaci sai mu tattara su duka mu cusa a cikin "so", mu ce ya tafi. Hatta shahararren littafin nan na Ado Ahmad Gidan Dabino da ya fito a 1991, wanda da yawanmu muka karanta a ɓoye a ƙarƙashin teburin aji, sunansa In Da So Da Ƙauna. Ko daga sunan kin ga marubucin bai ɗauke su abu ɗaya ba.

Malaman Musulunci sun riga mu zurfafa a wannan fage, kuma ba su ji kunyarsa ba. Ibnul Ƙayyim, malamin Sham da ya rasu a 1350, ya rubuta littafi sukutum a kan so mai suna Raudatul Muhibbin, inda ya kawo cewa Larabawa suna da sunaye kusan 60 na so, ya bi su yana fayyace bambancinsu. Kafin shi kuma akwai Ibn Hazm na Andalus, wanda aka haifa a birnin Kurɗuba a 994 ya rasu a 1064. Babban malamin fiƙihu ne mai kaifin harshe, amma shi ne ya rubuta Ɗauƙul Hamama, littafi mai babi 30 a kan so da masoya. A ciki ya nuna cewa so a karan kansa ba abin da addini ya haramta ba ne, tunda zukata a hannun Allah suke. Ya kasa so gida-gida: akwai na don Allah, akwai na zumunta, akwai na sabo, akwai na abin hannu, akwai na biyan buƙatar jiki. Ya lura cewa yawancinsu suna rayuwa ne da dalilinsu, in dalilin ya ƙaru su ƙaru, in ya gushe su gushe. Abin da ya fi burge ni shi ne ra'ayinsa a kan wanda ya ce ya kamu da so daga kallo ɗaya. Malam bai cika gaskata wannan ba, yana ganin galibi sha'awa ce, shi ya fi amincewa da son da ya ginu bayan doguwar mu'amala, an ga juna a wasa an ga juna a fushi.

Sai ki koma aya ta 21 ta Suratur Rum, wadda ake karanta mana a kusan kowace walimar aure. Abubuwa uku ta ambata a tsakanin miji da mata: natsuwa, da mawadda, da rahama. A tafsirin Ƙurɗubi an kawo maganganun magabata a kan bambancin biyun ƙarshe. Wasu sun ce mawadda ita ce kusantar juna a shimfiɗa, rahama kuma ɗan da ake samu. Wasu sun ce mawadda ita ce son da miji ke yi wa matarsa, rahama kuma tausayinsa kada wani abu ya cutar da ita. Ko wace fassara kika ɗauka, abu ɗaya ya fito fili, igiyar aure ba zare ɗaya ba ce. Mijin yarinyar nan ta Kekun Waje rahamarsa tana nan daram, mawaddarsa ce ta yi barci.

Abin da masana ƙwaƙwalwa suka gani

Masana na wannan zamani, da na'urorinsu, sun zo sun tarar da abin da bai yi nisa da wannan ba. Wata masaniya 'yar Amurka mai suna Helen Fisher, wadda ta rasu a 2024, ta shafe shekaru tana bincike a kan so. Ta kasa shi gida uku, kowanne da sinadaran da ke motsa shi a jiki. Na farko sha'awar jiki, wadda ba lallai ta tsaya a kan mutum ɗaya ba. Na biyu shauƙi, wato lokacin da zuciya ta kafe a kan mutum guda, ba ci ba barci. Na uku shaƙuwa, wadda ke sa mutum biyu su zauna tare har su rene 'ya'ya su ga jikoki.

A 2005 ita da abokan aikinta suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 17 da suka kamu da sabon so. Da aka nuna wa kowannensu hoton masoyinsa, sai sassan ƙwaƙwalwa masu aiki da sinadarin dofamin suka motsa, waɗanda su ne ke motsawa idan mutum yana matuƙar muradin wani abu. Kafin nan, a 1999, wata likita a birnin Pisa na Italiya, Donatella Marazziti, ta gwada jinin sababbin masoya, ta ga wani sauyi irin wanda ake gani ga masu ciwon waswasi, waɗanda tunani ɗaya ke yi musu ta kai-komo a rai. Da aka sake gwada wasu daga cikinsu bayan shekara guda ko fiye, jinin ya koma daidai. Ashe Bahaushe da ya ce so hana ganin laifi bai yi ƙarya ba, kuma da ya kira shi cuta bai wuce gona da iri ba.

Wata masaniyar kuma, Dorothy Tennov, a littafinta na 1979, ta ƙiyasta cewa wannan zazzaɓi na shauƙi yakan ɗauki wata 18 zuwa shekara uku kafin ya lafa. Ki ƙirga da kanki uwargida. An yi shekara ana zance a zaure, an yi biki, an ci amarci, ga ciki, ga haihuwa. Daidai lokacin da ake yaye ɗan fari, daidai lokacin zazzaɓin ke sauka. Shi ya sa kukan "ya canza" ya fi yawa a shekara ta uku da ta huɗu. Ba asiri aka yi masa ba, ba kuma lallai wata ce ta shiga tsakani ba. Haka Allah Ya gina jikin ɗan Adam, domin da zazzaɓin zai dawwama da babu mai zuwa gona.

Amma kada ki ɗauka shi ke nan an rufe babi. A wani binciken da aka buga a 2012, an duba ƙwaƙwalwar mutanen da suka yi kimanin shekara 21 da aure kuma suka ce har yanzu suna matuƙar son abokan zamansu, aka tarar sassan nan na shauƙi suna motsawa, tare da sassan natsuwa da shaƙuwa. Wato wutar tana iya zama garwashi mai daɗewa. Sai dai garwashi fifita yake so, ba ya kama kansa kamar wutar kara.

Sha'awa ba abin kunya ba ce

Mu a nan mun iya ɓoye wannan magana da baki, amma kasuwa tana tona mana asiri. Duk ƙasar Hausa an san matan Sakkwato da Zamfara da hakin maye, wanda wasu ke kira kayan mata. Daga Kano da Kaduna har Abuja ana aiko saƙo a sayo. Babu ɗakin amaryar da za a kai ba a cusa mata wani ƙulli ba, gumba ce, tsimi ne, kaza ce da aka dafa da haɗi. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa mata sun san muhimmancin shimfiɗa ga zaman aure, kuma ba laifi ba ne. Addininmu ma ya sanya kusantar iyali cikin abin da ake samun lada a kansa.

Inda nake da magana shi ne wuri biyu. Na farko lafiya. Abin sha da na ci da aka haɗa da dabino, aya, kwakwa, zuma, nono da gero, abinci ne, ba su da aibu. Amma abin da ake cusawa a gaba, wanda ba ki san da me aka haɗa shi ba, likitocin mata sun daɗe suna gargaɗi a kansa, domin yana ƙona fata, yana kawo ƙaiƙayi da ciwon sanyi mai naci. Kuma ki sani, mai shayarwa sha'awarta takan ragu, jikinta yakan bushe, saboda sauyin sinadarai ne na goyo, ba wai ta lalace ba. Namiji ma ciwon suga da wasu magungunan hawan jini suna rage masa ƙarfi, ya yi ta kauce wa ɗaki saboda kunya, ke kuma kina can kina zargin ya daina sonki. Irin wannan asibiti ake kai shi, ko na mata da yara na Sarki Fahad da ke Gusau, ko duk wanda ya fi kusa da ku, ba wajen mai ƙulli ba.

Na biyu, hakin maye maganin ɗaki ɗaya ne a gida mai ɗakuna da yawa. Idan abin da ya lalace tsakaninku magana ce, ko raini, ko bashin da ya hana shi barci, ko kin sha tsimin duniya ba zai gyara ba. Na san matan da suka ƙarar da kuɗin adashinsu a wannan hanya, alhali abin da mijin ke nema a daina tarbarsa da ƙorafi tun daga bakin ƙofa.

Kuma sha'awa ba ta maza kaɗai ba ce, ko da yake mun fi son mu yi kamar haka ne. An ruwaito cewa Sayyidina Umar (R.A.) yana zagayen dare a Madina ya ji wata mata tana kukan kewar mijinta da ya tafi yaƙi. Bai tsawata mata ba. Sai ya je ya tambayi ɗiyarsa Nana Hafsa (R.A.) tsawon lokacin da mace za ta iya haƙurin rashin miji, daga nan ya sanya wa mayaƙa wa'adin dawowa gida, wata huɗu zuwa shida gwargwadon ruwayoyi. Ki tuna da wannan idan kin ga matan ƙauyukanmu da mazansu ke tafiya ci-rani Legas ko Fatakwal, ko wuraren haƙar zinariya, su shafe shekara ba su leƙo ba.

A watan Satumba na 2013 birnin Gusau ya ga abin da bai saba gani ba. Zawarawa, waɗanda aka saka da waɗanda mazansu suka rasu, suka fito jerin gwano suna roƙon gwamnati ta taimaka musu su yi aure. Jaridu sun ruwaito cewa adadinsu ya kai kimanin 8,000. Babban abin da suka kawo kuka a kansa shi ne talauci, ga manema amma babu halin kayan ɗaki. Sun ga abin da Kano ta fara a 2012, lokacin da Hisbah ƙarƙashin Sheikh Aminu Daurawa ta aurar da zawarawa 100 a karon farko, har aka kai ga aurar da 1,111 a rana ɗaya a Disambar 2013. Mutane da yawa sun yi wa matan Gusau dariya a lokacin, wai sun zubar da kunya. Ni kuwa ina ganin sun fi mu gaskiya. Sun san abin da suke nema ba irin son littafi ba ne. Suna neman abinci, da inuwa, da mutunci, da halattacciyar hanyar biyan buƙatar da Allah Ya halicce su da ita. Da yawan auren da aka ɗaura a irin wannan tsari ba da shauƙi suka fara ba, kuma wannan bai hana so ya tsiro daga baya ba a inda aka dace.

Idan kuma aka bar sha'awa ba linzami, mu mata mu ke ɗaukar kayan. Bayan da aka fara aiki da Shari'a a Zamfara a Janairun 2000, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, ɗaya daga shari'o'in da duniya ta fi magana a kansu ita ce ta wata yarinya a Tsafe da aka samu da ciki ba aure. An yi mata bulala 100 a Janairun 2001. Maza ukun da ta ambata sun musanta, ba a sami shaidu a kansu ba, suka tafi abinsu. Ba hukuncin kotu na zo tattaunawa ba. Abin da nake so uwa ta gani shi ne, shaidar tana zama ne a jikin ɗiyarki, shi kuwa ya karkaɗe rigarsa. Don haka ki zaunar da ita tun kafin wani ya zaunar da ita, ki gaya mata da bakinki cewa bugun zuciyar da take ji gaskiya ne, ba ita ta fara ba, amma "ina sonki" da ake faɗa a lungu ko a waya da tsakar dare sau da yawa fassararsa "ina sha'awarki". Wanda ke ƙaunarta ƙofar gida yake biyowa.

Rai ba ya cewa ya ƙoshi

Akwai wata ɗabi'a ta muradin ɗan Adam da ya kamata mu fahimta, domin ita ce ke wahalar da maza da mata baki ɗaya. Abin da ke hannu yakan yi arha, na nesa ya yi tsada. Manzon Allah (S.A.W.) ya ba mu labarin cewa da ɗan Adam zai mallaki kwari guda na dukiya da ya nemi na biyu. Alƙur'ani ya ambaci rai mai yawan umurni da mummuna, da mai zargin kansa, da mai natsuwa, kuma duk ukun suna iya ziyartar mutum ɗaya a yini guda. Masanan da na ambata ɗazu ma sun lura cewa dofamin ya fi tashi a lokacin nema da jira, in an samu an saba sai ya kwanta. Shi ya sa atamfar da kika yi wata uku kina tara kuɗinta, da kin ɗinka kin sa sau biyu sai idonki ya koma kan ta maƙwabciya.

Namijin da bai gane wannan ba shi ne mai auri-saki. Duk lokacin da zazzaɓin ya sauka sai ya ɗauka matar ce ta lalace, ya sake ta ya nemo sabuwa, bayan shekara biyu ya sake tarar da kansa inda ya baro, ga 'ya'ya a warwatse gidajen kakanni. Mace ma tana da nata. Da littattafan soyayya ne da finafinai ke nuna mana mijin da ba ya gajiya, ba ya tsufa, kuɗinsa ba ya ƙarewa. Yau waya ce, TikTok da WhatsApp, kowa na nuna kyautar da aka yi mata, babu mai nuna daren da ta kwana tana kuka. Sai ki auna mijinki na gaske da mijin hoto, dole ya faɗi. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji masu iya magana, kuma ba kwaɗayin abinci kaɗai suke nufi ba.

Son da ba ya magana

Yanzu bari mu koma kan irin son da yarinyar nan take da shi a hannu ba ta ƙirga shi ba. Mu Hausawa mun san son da ba a furtawa. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, a gaban mutane ma sai ta yi kamar ba ta san shi ba, amma waye zai ce ba ta sonsa? Mazanmu da yawa a wannan tarbiyya suka tashi. Bakinsu yana da nauyi, sai dai ki karanta son a buhun masara da kuɗin magani.

Kuma babu inda aka jarraba wannan irin so kamar Zamfara a shekarun nan. Kwamitin da Gwamna Bello Matawalle ya kafa a 2019, ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda Muhammad Dahiru Abubakar, ya ba da rahoton cewa daga 2011 zuwa 2019 mata 4,983 sun rasa mazansu, yara 25,050 sun zama marayu, sama da mutum 190,000 sun bar gidajensu. Rahoton ya ce an biya fiye da naira biliyan 3 kuɗin fansar mutum 3,672. Ki tsaya ki yi tunanin inda kuɗin nan suka fito. Gonakin gado ne aka sayar, da shanun huɗa, da hatsin shekara, da gado da kwanonin ɗakin mata. A ƙauyukan Bunguɗu da Tsafe da kewayen Gusau akwai mazan da ba su taɓa ce wa matansu kalma mai daɗi ɗaya ba, amma da aka ɗauke matan sun sayar da duk abin da suka mallaka. Akwai matan da suka yi ta yawo gida-gida suna haɗa kuɗin fansar mijin da jiya-jiya suke ƙorafi a kansa. Shauƙi ba ya sayar da gona. Wannan aikin rahama ne da shaƙuwa.

Shi ne irin son da Manzon Allah (S.A.W.) ya riƙe wa Nana Khadija (R.A.) shekaru bayan rasuwarta, har idan ya yanka akuya sai ya aika wa ƙawayenta. An kuma ruwaito cewa wani mutum ya zo wa Sayyidina Umar yana son ya saki matarsa don ba ya sonta, sai Umar ya nuna masa cewa ba a kan so kaɗai ake gina gidaje ba, akwai kulawa da riƙon amana.

Gane wannan yana rage wani kishin ma. Son da mijinki ke yi wa mahaifiyarsa ba daga kasonki aka ɗiba ba, rijiyarsu daban. Haka son da kike yi wa 'ya'yanki, kada ki bari ya cinye na ubansu, domin maza da yawa suna jin an yi watsi da su daga ranar suna, sai dai ba za su faɗa ba. Batun abokiyar zama kuwa ya fi wannan nauyi, ba zan yi miki daɗin baki ba. Shari'a ta wajabta masa adalci a kwana da ci da sutura, ta kuma yarda cewa karkatar zuciya ba a hannunsa take ba. Amarya tana cin kasuwar shauƙi ne, kasuwar da ke ma kika ci, kuma wa'adinta ɗaya ne da naki.

Inda haƙuri ba shi ne magani ba

Kada ki fahimce ni a karkace. Ba cewa nake duk wadda ta ce ba a sonta ruɗu take yi ba. Idan shauƙi ya tafi rahama tana nan, aure yana da rai, gyara yake so. Amma idan rahamar ce ta tafi, ga duka, ga yunwa, ga wulaƙanci, to ko da yana zuwa ɗaki kullum wannan ba so ba ne, sha'awa ce tsirararta, kuma magana ce ta waliyyai da alƙali.

Zuciya ma ba a yi mata dole. Ki tuna ƙissar Barira da Mugis da ke cikin Sahihul Bukhari. Da aka 'yanta ta, ta sami zaɓi, ta zaɓi rabuwa da shi. Ya riƙa binta a titunan Madina yana kuka, hawaye na zuba a gemunsa, har Manzon Allah (S.A.W.) ya yi mamakin tsananin sonsa gare ta da tsananin ƙinta gare shi. Ya sa baki ko za ta koma. Ta tambaya ko umurni ne, ya ce ceto ne kawai yake yi, ta ce ba ta da buƙata, kuma ba a tilasta ta ba. Iyayen da ke ɗaura wa 'ya'yansu auren dole suna cewa so zai zo daga baya su dubi wannan ƙissa. Yakan zo, gaskiya ne, amma a kan zuciyar da babu komai a cikinta yake tsira, ba a kan ƙiyayya ba. Son maso wani kuwa, an riga an faɗa mana sunansa, ƙoshin wahala.

Da aka watse daga ɗakin bikin na ja yarinyar nan gefe muka ɗan zanta. Na tambaye ta yaushe rabon da ta zauna kusa da shi yana cin abinci, ba tare da ta kawo maganar kuɗin makaranta ko abin da danginsa suka yi mata ba. Ta kasa tunawa. Na tambaye ta ko ta san abin da yake kallo a wayar. Ta ce yawanci labaran hanyar ƙauyensu ne yake bi, domin mahaifinsa da ƙannensa suna can ba su fito ba, kullum sai ya kira ya ji sun kwana lafiya kafin ya iya runtsawa. Tana faɗin haka sai ta yi shiru, ta gyara goyonta, ta ce bari ta je ta ga ko ya zo ɗaukarsu.